Murfi Ɗaya Ga Kowane Kifi

Ni na kashe kifayen yayana, kuma ni na ɗora wa matata laifin. Na faɗa tun farko don kada wani ya wahalar da kansa yana nema mini uzuri. Ba ni da shi.

A shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa, yayana ya samu kwangilar gina ajujuwan makaranta, nan da nan ya zama wani abu a Kazaure. Ya yi falo na siminti, ya zuba kujerun kushin. Wata rana ya dawo daga Kano da akwatin gilashi naɗe cikin bargo, da wasu ƙananan kifaye jajaye. Ba na ci ba ne, na kallo ne. Har yau in na tuna raina yana ɓaci. Mata suna layi a bakin rijiya, shi kuwa yana da ruwan ado a falo, har da ɗan inji mai busa wa kifi iska da batirin mota. Manyan mutane su cire takalmi su tsuguna suna kallo.

Ni aikina bin shanu ne. Ina cikin masu yi wa dabbobi allura da ɗura, daga rugagen Gwiwa har Babura. Karatuna bai wuce firamare ba, amma na san ƙa'idar aikina: kowace dabba da rabonta. Ka kama sa, ka dubi girmansa, ka ɗura masa nasa, a kawo na gaba. Ban taɓa ganin an zuba magani a komin ruwa an ce garke ya raba ba.

Da zai tafi aikin hajji da iyalinsa, sai ya ce ni da matata mu koma gidansa mu tsare. Ya nuna mini wata 'yar kwalba mai shuɗin magani. Ya ce in farin ɗigo ya fito wa kifi kamar an barbaɗa masa gishiri, in zuba murfi ɗaya a ruwan duka, kuma kada in sake zubawa sai an rage ruwan an ƙara sabo. Ya maimaita, matata tana gefe tana jera masa kaya. Na ce to. A zuciyata kuwa cewa nake yi, wai yau ɗan kwangila ne zai koya mini magani.

Bai daɗe da tafiya ba farin ɗigon ya fito. Na tsaya gaban gilashin ina lissafi irin na ruga. Murfi ɗaya ga wannan taron? Wane ne zai samu, wane ne zai rasa? Sai na ƙirga su, na zuba wa kowane kifi murfinsa. Akwai wani babba mai doguwar wutsiya, shi na ba shi biyu. Ruwan ya yi baƙi-baƙi kamar na karofin rini.

Matata ta shigo ta gani. Ta ce, “Malam, ba murfi ɗaya Yaya ya ce ba?”

Na daka mata tsawa. Na ce ta tsaya ga tukunyarta, na kayar da bijimai na ba su magani tun tana wasan ƙasa. Ta juya ta fita.

Da gari ya waye kifayen sun taru a saman ruwa suna buɗe baki. Ta roƙe ni in bar ta ta ɗebe ruwan ta zuba na randa. Na hana, na ce so take yi ta zubar da magani. A wurin saniya, in ciwo bai sauka ba, ƙarawa ake yi. Sai na ƙara. Kafin la'asar duk sun kife ciki sama. Na kwashe su da ludayi na binne a bayan gida, na wanke akwatin, amma shuɗin ya kama danƙon da ke kusurwoyinsa, ya ƙi fita.

Ran da Yaya ya dawo, falo cike da masu barka da zuwa, idonsa ya faɗa kan akwatin babu komai. Ya tambaye ni a gaban kowa. Ni da ake kira malamin dabbobi, in ce na kashe dabba da magani? Bakina ya buɗe, na ce matata ce ta yi wanki da bula, ba ta ɗauraye bokitin ba ta ɗebo wa kifi ruwa da shi. Har na nuna masa shuɗin kusurwar.

Ya sa aka kira ta. Ta durƙusa a bakin ƙofa, ya zazzage mata. Baƙauya, ƙazama, wadda ba ta san abu mai daraja ba. Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, ina ta kallon tabarma. Ta ce, “Allah ya huci zuciyar Alhaji.” Washegari ta goya ɗanmu ta hau motar Roni, gidan mahaifinta.

Abin da ya fi ba ni takaici yanzu shi ne, fushi na yi da ita. Na yi ta yawo ina cewa mace ta yi yaji a kan kifi. Na aika abokina biko da goro, ya dawo ya ce ba ta faɗa wa kowa abin da ya faru ba, ko mahaifinta, ta ce kawai ba za ta dawo ba. Shirun nata ya ƙara tunzura ni, don da ta tona ni da na samu abin musu. Daga baya mahaifinta ya aiko cewa ko in zo da ƙafata, ko in aiko mata da takardarta.

Na fara zuwa wurin Yaya na gaya masa gaskiya. Na tarar ya riga ya sayo sababbin kifaye. Ya yi dariya ya ce ai ya manta, mene ne abin tada magana. Ya manta! Ya wulaƙanta mace a gaban maza, ya manta. Na ce ya zo mu je tare ya janye kalamansa, ya ce yana da aiki a Kano. Na fito a fusace, sai dai na san wanda ya miƙa masa sandar.

Na hau babur na tafi Roni ni kaɗai. A al'adarmu suruki ba ya buɗe baki gaban uban matarsa a irin wannan magana, wakili yake sawa. Na cire takalmi tun daga waje, na tsuguna a zaure, na roƙi a kira ta. Ta zo ta tsaya bayan ƙofa.

Na ce, “Baba, 'yarka ba ta yi komai ba. Ni na zuba maganin, ta hana ni na zage ta, na kuma yi mata ƙarya a gaban jama'a ina sane.” Sannan na juya wajen ƙofar. “Na zalunce ki. Zan koma falon nan in faɗa gaban mutanen da suka ji, ko kin dawo ko ba ki dawo ba. Don Allah ki yafe mini.”