Ranar da Aka Rubuta Gawo Cikin Matattu

Akwai wata Laraba, tsakiyar damina, da har gobe ba ta fita raina ba. Shekarun nan ne da hatsi ya yi tsada, kananzir ya gagari talaka, kowa ya koma girki da ice.

Ƙungiyoyi uku ne muke kula da wani ɗan gandun daji a ƙasar Makoda: tamu ta mata, ta manoman Ɗambatta, da ta wasu 'yan boko daga Kano. Rajista ɗaya muke da ita. Kowa ya zaga gandun sai ya rubuta abin da ya gani, ya sa hannu, kuma ba mai goge rubutun wani. Bishiyar da aka rubuta ta mutu, malamin daji yana iya ba da takardar sare ta. Ni ke rubuta wa mata, don ni na yi yaƙi da jahilci, bayan na aurar da 'ya'ya biyu.

Ran nan na buɗe rajista na ga 'yan Kano sun zo, sun rubuta duk gawon gefen gabas ya mutu. Sun gan shi ba ganye. To gawo ai haka yake, da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, lokacin da awakinmu ba su da abin ci sai 'ya'yansa.

Na hau babur sai ofishin malamin daji, Malam Sabo. Ashe tun Litinin ya ba wani mai sayar da ice takarda.

Na ce, "Malam, a garin nan aka yanke maka cibiya. Gawo ne ba ka sani ba?"

Ya ce, "Inna Talatu, na sani. Amma masu digiri ne suka sa hannu."

"Digirin ne zai ciyar da akuyarka a bazara?"

Ya ce sai wanda ya rubuta ya janye. Na sa ya kira shugabansu a waya, wani Injiniya Bashir. Sai Juma'a ya iso. Na kai shi gindin gawo, na ba shi laujena na ce ya kankare ɓawon da hannunsa. Ya kankare, ciki ɗanye shar. Ya jima yana kallo, sannan ya ce, "Inna, mun yi kuskure." A nan tsaye ya janye, Malam Sabo ya karɓe takardarsa daga hannun mai ice.

Daga nan aka sa doka: baƙo ba ya rubuta mutuwar bishiya sai ɗan gari ya sa hannu tare da shi. Ku da kuke kama aikin yanzu, ku sani rajista ba ta da ido, abin da aka faɗa mata take riƙewa, masu gatari kuma suna karanta ta.

Tsakanin Litinin da Juma'a an riga an kayar da itatuwan gawon bakin hanya. Su ba a gyara layinsu a rajista ba. Zuwa lokacin rubutun ya zama gaskiya.