Ƙyauren da Aka Cire daga Coci

Lokacin da nake yarinya, a ɗakin kakata a Lafiya akwai wani ƙyaure na maɗaci da ba ya rufe komai. Yana jingine ne da bango, bayan murhu. An sassaƙa damisa a jikinsa tana kwance, ɗan akuya ya ɗora kai a wuyanta. Babana ne ya sassaƙa shi. Aikinsa turmi da kujerun mata, amma da aka gina ƙaramin cocinmu na jinka, sai ya ce shi zai yi ƙofa. Ya ji malamin coci ya karanta cewa wata rana namun daji za su kwanta tare da na gida, maganar ta zauna masa a rai.

Lahadi biyu ƙyauren ya yi a wurin. Dattawa suka ce damisa ta masu dodo ce, ya shigo musu da tsafin da suka baro. Aka cire. Da damina zazzaɓi ya ɗauke Baba, mutane suka ce ai ga shi nan.

Bayan tuwon yamma Kaka takan tura itace a wuta, hasken ya hau kan damisar, ta ce, "Ladi, matso. Ga tatsuniya nan tafe, ki tare ta."

Ɗan akuya ne ruwa ya kama a daji, ya shiga kogo, sai ga damisa a ciki. Ta ce masa, "Kwanta, yau yunwa ma ta gaji." Suka kwana, jikinta ya ɗumama shi. Da safe ya ruga gida yana murna zai ba da labari. Awaki suka shinshina shi, suka ji warin damisa, suka rufe masa garke.

"Sai me, Kaka?"

"Sai me kuma? Ke da tambaya kamar alƙali. Ya tsaya a bakin garke. Yana nan tsaye."

Ba ta taɓa rufe tatsuniyar da ƙurunƙus ba. Sai dai ta shafa kan ɗan akuyan da babban yatsa, har wurin ya yi sulɓi. Abu ɗaya take jira, wani daga cikin dattawan ya zo ya ce ɗanta bai yi tsafi ba. Kowace Lahadi takan share ƙofar gida tun da asuba. Ba wanda ya zo.

Ina da 'ya'ya uku na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ranar da na iya haɗa baƙi, na nemi wurin nan da Baba ya ji an karanta a littafin coci, ina bi da yatsa a hankali. Damisa ce, da ɗan akuya. Baba bai ƙara ko ƙafa ɗaya ba.

Na rufe littafin na tashi da sauri zan kai wa Kaka. Sai da na kai bakin ƙofa na tuna shekararta shida a ƙasa, ƙyauren kuma gara ta cinye shi tuni.