Jan Ƙullin Iya Dije

Ranar kasuwar Malumfashi ce, da kaka, a shekarar da na yi famfara, tun Turawa ba su shigo ƙasar nan ba. An gama yankan gero, dawa tana jiran girbi. Ina zaune a gindin tsamiya kusa da kakata, Iya Dije, ina kore ƙuda daga kan faifan da muka jera curin man kaɗe, sai ga Malam Tanko falke ya taho fuska ba annuri. Wannan mutum ya yi shekara da shekaru yana sayen man kakata, ya loda wa jakuna ya kai Katsina, kuma bai taɓa kwance ɗauri ko ɗaya ba. Ɗauka kawai yake yi, ya jinjina a hannu, ya jefa cikin mangala. Ran nan kuwa ya gaishe ta a taƙaice, ya durƙusa, ya warware curi ɗaya a gaban jama'a, ya kai hanci ya sansana. Masu daddawa da masu gishiri suka bar ciniki suka zuba ido. Iya ta sunkuyar da kai a gaban mutane, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni.

Sai na koma baya kaɗan, don wanda bai san man Iya Dije ba ba zai gane nauyin abin da Malam Tanko ya yi ba. Ƙauyenmu yana kusa da Dayi, kuma a zamanin nan kowace gona akwai kaɗanya a cikinta. Da ruwa ya sauka, mu 'yan mata da sassafe muke fita tsintar 'ya'yan da suka zubo, mu sha na sha har cikinmu ya yi ƙato, mu kawo ƙwarar gida. A dafa, a shanya, a fasa, a daka, a soya, a niƙa a kan dutse har gwiwa ta yi kanta. Kowane gida ana yin wannan, ba wani sirri ba ne. Inda Iya ta bambanta shi ne haƙuri. Tana wanke manta sau da yawa har ya yi fari, ta tace da ƙyallen saƙi, ta dafa shi har ruwan da ke ciki ya ƙone tas. Ka zuba shi a fitila ba ya tartsatsi, ka sa a miya ba ya ɗaci, kuma yana kai wata damina bai juya ba.

Amma duk wannan a ciki yake, mai wucewa a kasuwa ba ya ganinsa. Abin da yake gani shi ne ɗauri, kuma a nan ne Iya ta ƙure kowa. Sauran mata kan dunƙula mai yadda ya zo, su naɗe da ganyen da hannu ya kai gare shi, su ɗaure da ɓawon rama. Ita kuwa ƙoƙo ɗaya gare ta na awo, saboda haka curinta duk kansu ɗaya. Ganyen kalgo take sa wa, huɗu ga kowane curi, ba mai huji, ba wanda tsutsa ta taɓa, a wanke a goge har ya riƙa sheƙi. Sannan ta ɗauko tsagin kaba da ta rina da karan dafi ya yi ja wur, ta zagaya sau biyu, ta gicciye, ta yi ƙulli a sama mai kunne biyu, jelarsa tana kwance ta dama. A kasuwa ba ta zube kaya haka nan. Sai ta jera su a kan sabon faifai, shida a ƙasa, uku a bisa, ɗaya a can sama, ta ajiye ɗan gutsuren mai a ƙoƙo don mai son ɗanɗanawa. Takan ce mini, "Ladi, juya jan ya kalli hanya, daga nesa mai saye yake zaɓar inda zai tsaya." Gaskiyarta kuwa. Tun daga bakin kasuwa ana hango jan nan a cikin kore. Na sha jin mace ta aiki yaro tana cewa, "Mai jan ƙulli za ka sayo, in babu ka dawo." Ko sunanta ba sai an faɗa ba.

Ni aikina a duk wannan wankin ganye ne da rinin kaba. Ɗauri kam an hana ni, domin ni bahaguwa ce. An buge mini hannu a kan akushi har na koyi ci da dama, malamin allo ma ya sha fama da ni kafin na riƙe alƙalami yadda ake so, amma da an ba ni igiya sai hagu ta karɓe aikin. Iya takan yi dariya ta ce, "Ƙawata, abin da zai shiga miyar mutane ba a ɗaure shi da wannan hannun naki." Abin yana ci mini rai ƙwarai. Na san ƙullin nan kamar yadda na san hanyar rijiya, ina kallonsa kullum, amma ba a bar ni na yi ko guda ba.

To, sai na huce a wajen wasa. Bayan gidanmu akwai kududdufi inda muke kai 'yan tsanarmu na kara, mu yi musu gida, mu kafa kasuwa. Ni ce mai man kaɗe a kasuwar. In dunƙula laka, in naɗe da kalgo, in ɗaure da guntayen jar kaba da na tsinto a ƙarƙashin tabarmar Iya. Ƙawata Kande ta maƙale mini sai na koya mata, ni kuwa da son a ce na iya, na zaunar da ita na nuna mata zagaye biyu, da gicciyewa, da kunnuwan, har ma da yadda ake jiƙa karan dafi da ɗan kanwa don jan ya kama. Ta iya tsaf. Ta tafi gida da curin laka uku ta nuna wa uwarta, wadda ita ma mai yin man kaɗe ce, amma mai gaggawa, ba ta jiran ruwa ya ƙone. Ban ƙara tunawa da zancen ba.

Shi ne fa abin da ya dawo mana a gindin tsamiya. Malam Tanko ya sansana man Iya, ya ɗanɗana, bai sami aibu ba. Sai ya zura hannu cikin jakarsa ya fito da wasu curi biyu, kalgo ne, jar kaba ce, ya ajiye a gabanta. Ya ce, "Iya, yarona ya sayo mini waɗannan a kasuwar Funtuwa, ya ga ja bai buɗe ba, don na ce masa naki ba a buɗewa. Na kai wa mutanen da suka amince da ni, suka dawo mini da shi. Ki duba da kanki." Ya kwance ɗaya. Wari ya bugi hancinmu, man ya yi ruwan toka, ruwa na tsattsafowa daga tsakiya. Wata mai daddawa ta ce a hankali, amma yadda kowa zai ji, "Tsufa ne, hannu ya fara gajiya."

Iya ta rantse ba nata ba ne. Amma da me za ta nuna? Ga ganyen, ga jan, ga kunnuwa biyu. Idan aka tashi kasuwa a haka, daga ranar kowa sai ya kwance kayanta kafin ya saya, kamar na kowa, kuma abin da ta yi shekaru tana ginawa ya rushe ke nan. Ni kuwa idona yana kan ɗayan curin da ba a kwance ba. Jelar ƙullin ta hagu take kwance. Kande ta kwaikwayi hannuna, uwarta ta kwaikwayi nata, ba wanda ya lura cewa a juye yake. Ƙullina ne, na kududdufi.

Wallahi na so in yi shiru. Ba wanda ya sani, kuma na san zafin tsumagiyar Iya. Amma na sake kallon Iya, kanta a sunkuye, sai na ji bakina ya buɗe da kansa, iska na fita ta giɓin haƙorana. Na ce, "Baba Tanko, ka dubi jelar. Na Iya dama yake kallo. Wannan na hagu ne, irin nawa ne, ni na koya wa wata a wajen wasa." Ya ɗauki curin ya kara da na kan faifai, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, taran da ke ɗaure duk dama, nasa shi kaɗai hagu. Mutane suka matso suna leƙe. Mai daddawa ta ce, "Wa kika koya wa?" Kafin in amsa Iya ta dafa mini kai ta ce, "Ta faɗi nata laifin, ya isa." Malam Tanko ya cire hula ya goge gumi, ya roƙi gafara, ya kwashe sauran tara ya zuba a mangala, bai taɓa ƙulli ko ɗaya ba.

A hanyar gida ina jiran duka, bai zo ba. Abin da ya zo ya fi duka tsawo. Washegari Iya ta tafi gidan su Kande ita kaɗai, ban san me suka ce ba, na dai san jar kaba ba ta sake fitowa daga gidan ba. Da ta dawo ta ajiye mini ƙoƙon awo da ganye ta ce, "Ƙullin hagu ya yi baƙin suna a kasuwa, kuma naki ne. Ke kika ɓata shi, ke za ki wanke shi." Daga nan ta ware mini ƙwara tawa, ni zan niƙa, ni zan wanke, ni zan tsaya a kan tukunya har ruwa ya ƙone, in ɗaure da hannun da Allah ya ba ni, in jera a ɗan faifaina kusa da nata.

Na sha wuya. Duk wanda ya zo sai ya kwance nawa, ya sansana, ya lakata, wani ma ya tsaga tsakiya da tsinke, sannan in sake ɗaurewa ina haɗiye kuka. Wasu ko kallo ba sa yi, wai na hagu ne. Damina uku muka yi a haka, haƙorana suka fito, na fara kitso irin na manya. Ran nan da kaka Malam Tanko ya zo, ya kwashe na Iya kamar kullum. Ya juyo kan faifaina, ya ɗauki curi ɗaya, ya dubi jelar, ya jinjina a hannu, ya jefa cikin mangala. Ya ɗauki na biyu ya jefa. Na waiwaya in ga ko Iya ta gani, sai na tarar ta kau da kai wai tana gyara ɗankwali, tana murmushi. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, na ga jikoki, amma ban tuna ranar da na ji daɗin da ya kai na wannan rana ba.

Yanzu jirgin ƙasa yana sauke kaya a Funtuwa, kantuna sun cika da sabulu da mai a cikin takarda mai hoto da gwangwani mai sheƙi. Jikokina suna zaɓe da launi, daga nesa, kamar yadda Iya ta faɗa, kuma ba na musu, suna da kyau a ido. Sai dai in na juya gwangwanin ina neman inda hannun mai shi ya bar alama, ba na samu, ban kuma san gindin tsamiyar da zan je in same shi ba in abin ya ɓaci. Idanuna sun yi rauni, ba na zura zare a allura, amma har yau in aka miƙo mini tsagin kaba, yatsuna suna yin kunnuwan nan biyu ba tare da na duba ba. Jelar tana nan ta hagu, kuma ba wanda ya sake kwance ta.