Na Cike Kantar Kicin da Kyandir

Jama'a, yau na yi ɓarna, na ɗora ƙarya a kanta, Allah Ya yafe mini.

Matata Hajara ta tafi kasuwar Treichville, na hau fasa kwakwa a kan kantar kicin. Bugu ɗaya, bakin kantar ya ɓantare. Maimakon in kira mai gyara, na narka farin kyandir na cike wajen.

Ta dawo ta dafa shinkafa, ta sauke tukunya daidai nan. Sai ga kantar tana ɗiga!

Ta ce, "Baban Sani, siminti yana narkewa?"

Na ce, "Zafin Abidjan ne."

Ta lakato, ta shinshina. Ta ce, "Tafi Adjamé ka zo da magini. Shinkafa sai ka dawo."

Ga ni cikin gbaka, motar haya, yunwa kamar ta kashe ni.