Katakon jitata da diddigen Gwaggo

Jama'a, yau na ga abin da ya ɗaure min kai!

Kwana huɗu ina fafe wani katako kamar faranti. Na manna masa samfefa, takardar nan mai kaushi ta goge katako, don in riƙa goge bakin jitar da nake haɗawa ya yi daidai. Na bar shi a tsakar gida gam ɗin ya bushe, na tafi unguwar Kongo sayo tsirkiya. Na dawo, babu katako!

Ina leƙa ɗakin Gwaggo, yayar Baba, sai ga ta ta ɗora diddige a kai tana gurzar kaushi!

Na ce, "Gwaggo, na jita ne fa!"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Wace ce kuma Jita? Ta yi haƙuri, ƙawata Hajiya Asabe ta riga ta kama layi."