Ranar da Na Fito a Uban Ɗana

Ni dai ban yi nisa a boko ba. Malamin ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu lafiya. Abin da na iya a Gumel shi ne gyaran keke da kwaikwayon mutane. In na kwaikwayi tafiyar dillalin shanu a kasuwar Maigatari, mai shayi sai ya ajiye buta don kar ya ƙone.

Babban ɗana kuwa malamin makaranta ne. Shi ne ɗan farina, don haka tun da aka haife shi ban taɓa kiran sunansa ba. "Wannan yaron" nake cewa, ko "kai". Haka ubana ya yi wa yayana, ba wanda ya ga laifi.

Shi da wasu samari suka haɗa wasa irin na yanzu, wanda ake magana kaɗan sai a ɓarke da waƙa, a taka rawa, a koma magana. Labarin wani makiyayi ne da ya bi shanu ya tsallaka iyaka, ya daɗe bai waiwayo gida ba, ranar da ya dawo ubansa ya tarbe shi da waƙa. Ɗana ne makiyayin. Wata da watanni suna gwaji. Ana dab da nunawa a Gagarawa, wanda zai fito a uban ya samu aikin lodi, ya bi mota ya tafi.

Yaron bai iya tunkarata ba, uwarsa ya turo.

"Malam, wancan ya ce ko za ka taimaka musu. In babu uba wasan ya rushe."

"Uban wa zan zama?"

"Nasa."

"To da can ni uban waye?"

"Ni dai saƙo aka ba ni," in ji ta, ta koma tankaɗenta.

Na yarda, don ina son a kalle ni, ba zan ɓoye ba. Da yake karatuna sai a hankali, a waya suka ɗaukar mini waƙar. Na saurara. Wai zan ware hannu in ce, ɗana, na yi kewarka, zo in rungume ka. A wurin gwaji shi kullum yana can yana gyara wa 'yan rawa taku, mai kalangu ke tsaya masa. Na rungumi mai kalangun nan har ya fara tsorona.

Ranar wasa, bayan la'asar, filin makaranta ya cika. Manoma, Fulani da sandunansu, mata can gefe, har 'yan majalisarmu sun biyo mota daga Gumel don su ga faɗuwata da idonsu. Samari suka yi rawar shanu, sanduna a ka kamar ƙaho. Sai ga yaron ya shigo da malfa da gora, ya durƙusa a gabana. Mai kalangu ya buɗe mini hanya. Na buɗe baki, babu komai. Ya sake zagayowa, har yanzu babu. Na ga zufa tana bin wuyan yaron. Duk wahalar da suka sha tana hannuna, ni kuma ga ni tsaye kamar turken awaki.

Sai kawai na kau da kai, na dubi gefe kamar yadda nake yi a gida, na ce, "Kai, wannan yaron. Ka ci abinci kuwa?"

Wani tsohon Bafulatani a sahun gaba ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ake yi." Dariya ta tashi a hankali, na hango wasu mata suna share ido da bakin mayafi. Yaron ya ɗago, ya ɗauki maganata ya mayar da ita waƙa nan take: ban ci ba, Baba, tun da na bar gida ban ƙoshi ba. Mai kalangu ya bi shi, 'yan amshi suka kama. Ni kuwa na faɗa rawa, rawar da babu ita a tsari, har hulata ta yi nata waje.

A motar dawowa yaron bai dube ni ba. Wajen mai kalangu ya juya, shi ya yi wa magana.

"Mako mai zuwa Sule Tankarkar za mu. Wurin nan na uba a bar shi yadda aka yi yau."

Ni ma na dubi taga, na gaya wa karan geron bakin hanya, "A faɗa masa sai an ƙara mini wurin rawa."