Dorinar Alfari

Ƙanena Alfari mai faci ne, a nan Gaya, a bakin hanyar da kamiyo, manyan motocin kaya, ke jeruwa suna jiran duwan, wato kwastan, kafin su haye gada. Ni Safi ina gefensa ina suyar kifi, don haka duk haukansa a idona aka yi shi. Mutum ne da hannunsa ba ya zama. In babu taya a gabansa sai ka gan shi yana lanƙwasa waya, ya yi zalɓe da marafen kwalba, ya yi kada da tsohuwar sarƙar babur. Mutane su yi dariya su wuce, shi ko a jikinsa.

Babanmu Kabo masunci ne a Tunuga, tsufa ya kama shi, idonsa na ta dushewa. Wata rana da muka je gaishe shi ya ce rabonsa da ganin dorina a mashigin garinsu har ya manta, ruwa ba ya kawo komai sai leda da silifa da bido, jarkar nan ta roba. Ya ce da zai ƙara ganinta sau ɗaya kafin idon ya tafi, da ya gode Allah. Ni na ɗauke ta maganar tsofaffi. Alfari kuwa ya ɗauke ta aiki.

Ya shiga bin gaɓa da buhu, ƙato da gemunsa, yana tsintar abin da gulbi ya tofar. Na ce, "Kai Alfari, matarka ta san ka koma bola?" Ya ci gaba da tsintarsa. A bayan rumfarsa ya kafa haƙarƙarin dorina da rodi, ya yi kai da yankan taya, ya rufe ciki da robar cikin taya wadda direbobi suka yar. Ƙafafu bido huɗu cike da yashi, kunnuwa silifa, haƙora farin tiyo. Wallahi ni da ke zaginsa, sai da gabana ya faɗi wata safiya, na zaci mai rai ce.

To amma ka san mutanenmu. Abin da aka tsinto a bola, a wurinsu ba shi da mai shi, ko da ka kwana kana wanke shi. Ɗan garuwa ya zo ya ce bidonsa ya fashe, ga huɗu nan zaune ba aikin fari ba na baƙi. Wani ya cire kunne ɗaya, wai zai riƙe masa taru a saman ruwa. Kowa "ara mini" yake cewa, aron da ba ya dawowa. Alfari kuma ga nauyin baki, sai ya ce ba komai, ya sake ɗaukar buhu. Ya gina gaba, a ci baya. Na yi masifa har muryata ta dushe, aka ce Safi ta cika faɗa a kan shara. Shara! In shara ce, me ya hana ku je ku tsinto taku?

Duk wannan mai sauƙi ne. Ana gab da kawo Baba asibiti, sai ga surukin Alfari, Malam Yazidu, mai lambu a Bana, ya sauka daga kabu-kabu. Ya zagaya dorina, ya shafa cikinta, ya ce, "Kai, roba mai kauri! Gugana duk sun yage, ga albasa na jin ƙishi." Alfari na tsugune, kai a ƙasa. Ina yi masa ido, ina buga matsami a kasko. Ina! Wa ya isa ya ce wa uban matarsa a'a? Da hannunsa Alfari ya ɗauko wuƙa ya feɗe masa ita, har da ɗaure masa a bayan babur. Ranar na so in zagi Alfari, amma na ga idonsa ya yi ja, sai na koma kan kaskona.

Tara robar da za ta rufe wannan ciki aikin watanni ne, idon Baba kuwa bai jira ba. Da aka kawo shi Gaya, likita ya duba ya ce an makara. Duk da haka Baba ya ce a kai shi wurin dorinarsa, don labari ya riga ya kai Tunuga. Alfari ya riƙo hannunsa har bayan rumfa.

Baba ya laluba kan, ya taɓa hanci, ya zura hannu cikin baki ya kama haƙori, ya yi murmushi. "Ita ce," in ji shi. Sai hannun ya gangara wuya, ya faɗa cikin rodi tsirara. Ya bi haƙarƙarin ɗaya bayan ɗaya.

"An riga an raba ta ke nan," ya ce. "Haka na bar dorinar ƙarshe da na gani a Tunuga. Kowane gida ya zo da ƙwaryarsa karɓar nama."

Ni kuwa hawaye na zubo mini, ina jin ƙaurin kifina a kasko.

"To ni ina rabona?" in ji Baba.

Alfari ya kwance kunnen da ya rage, wata 'yar shuɗiyar silifa, ya sa masa a hannu. Tana can ƙarƙashin matashinsa a Tunuga. Haƙarƙarin kuma jiya na ga wani maƙeri yana zagaya shi, yana tambaya ko na wani ne.